Zuwa aiki da keke a hunturun Montreal: abin da za a saya da abin da ke lalacewa

Wani ɗan'uwa da ya samu aiki a Montreal ta ƙasar Kanada ne ya aiko da tambaya. Ya ce kilomita 8 ne tsakanin gidansa da wurin aiki, tun watan Mayu da keke yake zuwa, ga shi yanzu sanyi ya kawo kai. Abokan aikinsa kuwa in aka zauna shan shayi hirarsu ba ta wuce biyu: wanda ya zo da keke duk da dusar ƙanƙarar da ta sauka da dare, da wanda ya je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ranar Asabar. Yana so ya san ko wanda ya tashi a ƙasar zafi zai iya ci gaba da hawa har hunturu ya fita, me ya kamata ya saya, kuma ko kayan 'yan zamiyar nan suna da amfani ga mai keke.

Za ka iya, ɗan'uwa, kuma kilomita 8 tafiya ce daidai wa daida. Sai dai ina so ka sauya abin da kake tsoro. Sabon zuwa sanyi yake tsoro, shi ya sa yake zuba kuɗinsa a rigar sanyi mai tsada. Alhali jikin da ke tuƙa feda shi ke ɗumama kansa cikin minti goma. Abin da ke kayar da mai keke santsin ƙanƙara ne, abin da ke cinye keken kuma gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ne. Don haka kuɗinka na farko taya zai tafi.

Tayar da ake nufi ita ce mai ƙusoshi. Ƙananan ƙusoshi ne da aka dasa a cikin robar, kawunansu na wani ƙarfe mai tsananin tauri, suna leƙowa kaɗan don su ciji ƙanƙara. Iri biyu za ka fi gani a shago. Akwai mai layi biyu na ƙusoshi a tsakiya, akwai mai layi huɗu wadda ƙusoshinta suka kai har gefe. A kayan kamfanin Schwalbe, misali, Marathon Winter Plus mai faɗin milimita 35 tana da ƙusoshi wajen 240, wadda suke kira Winter kawai kuma tana da kamar rabin haka. Mai layi biyu ta fi araha kuma tana riƙewa in kana tafiya miƙe, amma da ka kwantar da keke a kwana, gefen tayar ne ke taka ƙasa, a nan kuma babu ƙusa. Ga garin da ruwan sama ke daskarewa a kan kwalta kamar Montreal, mai layi huɗu nake ba da shawara. In kuɗin bai kai na guda biyu ba, saka ɗayar a gaba. Tayar baya in ta zame, sau da yawa mutum yana samun damar sauke ƙafa. Ta gaba in ta zame, kafin ka ankara kafaɗarka ta kai ƙasa.

Kafin ka biya kuɗi, auna sararin da ke tsakanin tayarka ta yanzu da ƙarfen keken da kuma madigadi. Ana son milimita 5 zuwa 6 a kowane gefe bayan an saka sabuwar, domin dusar ƙanƙara mai laima tana cushewa a wurin da ya matse har wili ya ƙi juyawa. Kekunan tsere masu siririn ƙarfe da yawa ba sa ɗaukar irin wannan taya sam.

Sabuwar taya mai ƙusoshi tana buƙatar a zaunar da ita. Schwalbe da kansu sun ce a yi kimanin kilomita 40 a kan kwalta tsura, ba tare da taka birki da ƙarfi ko fizgar keke ba, don ƙusoshin su nutse a gurbinsu. Wanda ya tsallake wannan shi ne ke zubar da ƙusa goma a makon farko. Wato ka saka ta tun cikin Nuwamba, kwana uku na zuwa da dawowa sun ishe ka. Za ka ji ƙarar ƙas-ƙas a kan kwalta, za ka ji keken ya yi nauyi, tafiyar minti 25 za ta iya komawa 35 ko 40. Haka abin yake, babu abin da ya lalace.

Iskar taya ita ce abin da za ka riƙa wasa da shi kullum. Ranar da titi ya bushe, cika ta kusa da iyakar da aka rubuta a gefen tayar, ƙusoshin gefe su ɗaga daga ƙasa, tafiya ta yi sauƙi. Ranar santsi, rage ta zuwa kusa da mafi ƙarancin da aka rubuta, tayar ta baje, dukkan layukan su taka. Ga wani abu da mutane ke mantawa: iska tana tsukewa a sanyi. In ka buga iska har ma'aunin famfo ya nuna psi 60 a cikin ɗaki mai ɗumin digiri 20, ka fita waje inda ake digiri 10 ƙasa da sifili, za ta sauka zuwa wajen 52 ba tare da faci ko ɗaya ba. In kana son ainihin lissafi, bar keken ya yi sanyi a waje tukuna sannan ka auna.

Yanzu hawan kansa. Ba duk farin abu a titi ne iri ɗaya ba, kuma idonka ne zai koyi bambancewa. Dusar da aka tattake ta yi tauri, in sanyi ya yi ƙarfi, tana riƙe taya sosai, har za ka ji tana ƙara a ƙarƙashinka. Sabuwar dusa wadda ba ta wuce santimita 5 ba, taya tana yanka ta ta tarar da kwalta. Wadda ta fi wahala ita ce ruwan-ƙasa-ƙasa ɗin nan da motoci suka dama da gishiri: tafiya a cikinta kamar tuƙa keke ne a cikin rairayi, kan keken yana ta karkata hagu da dama, ƙusoshi kuma ba su da abin da za su ciza. A nan sai ka sa giya mai sauƙi, ka mayar da nauyinka baya, ka sassauta riƙon kan keken, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, ka kafa ido can gaba inda kake son zuwa. Mai ƙanƙame kan keke shi ke faɗuwa.

Mafi haɗari ita ce ƙanƙarar da ba a gani, siririn ruwa da ya daskare a kan kwalta har ka ɗauka laima ce kawai. Ta fi samuwa idan ma'auni yana yawo kusa da sifili: rana ta narkar, dare ya daskarar. Neme ta a kan gada, domin gada iska ke ratsa ta sama da ƙasa, ita ke fara daskarewa. Neme ta a inuwar dogayen gine-gine, da bakin mahaɗar titi inda tayoyin motoci suka goge wurin ya yi sumul, da kan murfin ƙarfe na magudanar ruwa, da fentin da aka ja a titi. Ƙa'idar ita ce ka gama taka birki kafin ka shiga kwana, ka shiga a hankali keken yana tsaye sosai, ka fi dogara da birkin baya, na gaba kuma a lallaɓa shi. Sauke sirdi da santimita ɗaya ko biyu don ƙafa ta yi saurin kaiwa ƙasa. Ka tuna kuma taya ce ke da ƙusa, takalminka ba shi da ita. Mutane da yawa sun ratsa santsi lafiya a kan keke, suka zo danja suka sauke ƙafa, a nan suka sha ƙasa.

Ka yi sa'ar gari. Hanyar keke ta REV da ke titin Saint-Denis, wadda aka buɗe a 2020, ana share mata dusa duk hunturu, haka ma wasu manyan hanyoyin keke na birnin. Ka zaɓi hanyar hunturu dabam da ta bazara ko da za ta ƙara maka kilomita ɗaya, matuƙar ta bi inda ake sharewa. Ƙananan lunguna su ne na ƙarshe da ake waiwaya. Inda dole ka haɗa titi da motoci, tarin dusar gefe yana matse hanya, don haka kada ka raɓe a cikin tarin, fito fili inda direba zai gan ka. Dokar Kebek, lardin da Montreal ke cikinsa, ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita 1 in zai wuce mai keke a titin da iyakar gudunsa bai haura kilomita 50 a awa ba, mita 1.5 kuma a inda ya haura. Ita dokar kuma ta hana mai keke toshe kunne da abin sauraro. In kana so ka ɗanɗana kafin ka kashe kuɗi, kekunan haya na BIXI sun fara aiki har cikin hunturu tun daga ƙarshen 2023, kuma ana saka musu taya mai ƙusoshi.

Sai gishiri. Shi ne dalilin da ya sa masu hawa da yawa suke ajiye kekensu mai kyau su sayi tsoho na hannu don hunturu kaɗai, kuma ina ganin dabara ce mai kyau. Ruwan gishiri yana shiga ko'ina: sarƙa takan yi ja da tsatsa a kwana biyu in an bar ta, kusoshi da notina su kafe, sandar sirdi ta manne a cikin ƙarfen keke. Tun kafin sanyi ya shiga, zare sandar sirdi ka shafa mata giris, haka zaren feda da notinan madigadi da na kariyar ɗaukar kaya. Saka cikakken madigadi gaba da baya, na gaban ya zama mai dogon leɓe na roba har kusa da ƙasa, domin ruwan da tayar gaba ke fesowa kai tsaye yake sauka a kan sarƙa da takalminka. Man sarƙa kuma a nemi mai danƙo wanda aka yi don damina, irin busasshen nan ba ya kwana ɗaya. Duk ranar da ka ratsa laima, goge sarƙar da tsumma da zarar ka iso. Sau ɗaya ko biyu a mako ɗiga mai a kowace gaɓa, juya feda baya sau da yawa, sannan ka goge na waje tas, domin man da ya rage a waje yashi yake tarawa. Sayi ɗan ma'aunin sarƙa, ba shi da tsada. In ya nuna 0.75 a keke mai giya 10 ko ƙasa a wilin baya, ko 0.5 a mai 11 da 12, sauya sarƙar kafin ta cinye haƙoran giya.

Inda keken zai kwana yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Mafi muni shi ne shigar da shi wuri mai ɗumi na awa ɗaya ko biyu a sake fitar da shi. Dusar da ke jikinsa ta narke, ruwan ya gangara cikin bututun wayar birki da ta giya, ka fita waje ya daskare, ka matsa birki ka ji shi ƙam. Ko dai ya zauna a sanyi kullum, a rumfa ko baranda mai rufi, ko ya shiga ciki ya kwana ya bushe sarai. In waya ta riga ta fara daskarewa, zare ta, busar da bututun, ɗiga siririn mai, ko ka sauya duka biyun da waya marar tsatsa.

Akwai wata matsala da ke firgita wanda bai san ta ba. Cikin tsananin sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili, sai ka juya feda gaba ka ji ta tafi a banza, wili bai motsa ba. Cikin firiwil, wato abin da ke ɗauke da giya a wilin baya, akwai ƙananan haƙora masu sifirin da ke tashi su kama. Giris mai kauri in ya sandare, ko ruwa ya shiga ya daskare, sai su kwanta su ƙi tashi. Maganin wucin gadi shi ne ɗumama wurin ko ɗan bubbuga shi. Na dindindin shi ne bakanike ya buɗe, ya wanke tsohon giris, ya sa siririn mai. Birkin da ke kama rim yana aiki, amma in rim ya jiƙe sai wili ya juya sau ɗaya ko biyu kafin ya kama, ga yashin titi yana cin robar da rim ɗin kansa, don haka duba robar kowane mako biyu. Birkin faifai ya fi dacewa da wannan yanayi. Keke mai giyar da ke ɓoye cikin cibiyar wili, irin Shimano Nexus, ko ma marar giya gaba ɗaya, ya fi kowanne ƙarancin rigima, tunda babu abin da ke a fili da ƙanƙara za ta cushe.

A Disamba rana tana faɗuwa a Montreal jim kaɗan bayan ƙarfe 4, wato dawowarka gida cikin duhu ce. Farar fitila a gaba da ja a baya wajibi ne a doka da dare, ni kuwa zan ce ka riƙe biyu a baya, domin sanyi yana zuƙe batir, fitilar da ke awa huɗu a bazara tana iya mutuwa tun ba a je ko'ina ba. Karkatar da ta gaba ƙasa kaɗan don ta nuna maka ƙyallin santsi, kada kuma ta kashe wa masu tahowa ido. In keken lantarki ne da kai, cire batirin ka shiga da shi ɗaki, ka bari ya ɗumama kafin ka sa caji. Yi wa batirin litiyam caji yana ƙasa da sifili yana lalata shi har abada. Hular kwano kuma dole ce ga mai keken lantarki a Kebek.

To, batun kayan 'yan zamiya. Zamiyar iri biyu ce, kuma bambancin ya shafe ka. Akwai ta gangaren dutse, inda inji ke ɗaga mutum sama yana zaune, ya sulalo ƙasa. Kayan wannan masu kauri ne, don an yi su ne saboda wanda zai daɗe a zaune cikin iska. In ka hau keke da irin wannan riga, kafin kilomita 3 ka jiƙe sharkaf da gumi, gumi kuma shi ne ke jawo sanyin gaske da zarar ka tsaya. Akwai kuma zamiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda mutum ke tura kansa da ƙafa da sanduna biyu. Wannan aikin ƙarfi ne kamar tuƙa feda, kayanta sirara ne, gabansu yana tare iska, bayansu yana fitar da gumi. Su ne daidai da mai keke, wando da riga duka.

Tsarin sutura hawa uku ne. Ta jikin fata ta zama ulu ko foliyesta. Auduga kada ta taɓa fatarka, ko singileti ce, domin tana shan gumi ta riƙe shi. Ta tsakiya mai ɗumi ce marar nauyi, ta waje kuma mai tare iska, da zif a hammata in an samu. Ma'aunin da ba ya kuskure: in ka fito ƙofa ka ji ɗumi daidai, kayan sun yi yawa. Ya kamata ka ɗan ji sanyi a minti biyar zuwa goma na farko. Kayan ofis su tafi a jaka, jakar kuma a rataye a kariya, don ta goyo tana jiƙa baya.

Hannu da ƙafa da fuska su ne inda ba a rowa, domin su ba sa motsi, iska kuma su take fara duka. Lissafin hukumar yanayi ta Kanada ya nuna digiri 10 ƙasa da sifili da iska mai gudun kilomita 20 a awa, fata tana jin sa kamar 18 ƙasa da sifili, kai kuwa gudun kekenka kaɗai yana haifar da wannan iskar. In ma'auni ya kai 20 ƙasa da sifili, lissafin ya zama wajen 30 ƙasa da sifili, kuma daga 28 zuwa 39 ƙasa da sifili fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Safar hannu mai haɗa yatsu biyu-biyu ta fi mai yatsu biyar ɗumi, kuma tana barin ka kama birki. Abin da ya fi duka shi ne jakunkunan nan da ake ɗaurawa a kan keken kansa, su rufe mariƙi da birki, ka zura hannu ciki da siririyar safa. Takalmi ya zama na hunturu mai ɗan yalwa, da safar ulu guda ɗaya mai kauri. Cusa safa uku a takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafar ta fi yin sanyi. Feda kuma mai faɗi mai haƙora. A ƙarƙashin hular kwano saka siririyar hula mai rufe kunne, da mayafin wuya da za ka iya ja har hanci. Gilashin 'yan zamiya mai ruɓi biyu yana da amfani ƙwarai in sanyi ya tsananta ko dusa na sauka, amma a sayi farin gilashi saboda dare. Hular kwanonsu ma tana da ɗumi, sai dai leƙa cikinta: lambar EN 1078 ko CPSC ita ke nuna an gwada ta don keke, EN 1077 ko ASTM F2040 ta zamiya ce, wasu hulunan kuma suna ɗauke da duka biyun.

Alamar daskarewar fata ita ce zafi da tsikari, daga nan wurin ya mutu ka daina jin sa, ya yi tauri. A baƙar fata sauyin launi ba ya fitowa fili kamar yadda hotunan asibiti ke nunawa, yakan yi toka-toka ne kawai, don haka ka dogara da abin da kake ji. In yatsa ko kunne ya mutu, shiga shago mafi kusa. Kada a murza wurin, kada a kara shi a hita ko murhu, tunda fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sa shi a ciki, in kuma ya yi bororo ko jin bai dawo ba, sai asibiti. Bayan alwala a tsane fuska da gemu da hannu sosai kafin a fita. Ranar Juma'a kuma, doguwar riga ko hijabi mai tsawo a naɗe a jaka a saka a can, kada sarƙa ko sifok su kama.

Wajen ajiye keke a waje, kada ka ɗaure shi a jikin turke a kan hanyar masu tafiya da ƙafa ranar da ake kwashe dusa. Ƙananan motocin sharewa suna bi ta nan da gudu, sun lanƙwasa wili ba adadi. Kwaɗon keke ma yana daskarewa: juya ramin makullin ya kalli ƙasa, ɗiga masa mai tun farkon sanyi, ka riƙe ƙaramar kwalbar narkar da ƙanƙara a aljihu. Man wanke hannu mai sinadarin alkohol yana yin wannan aikin in an matsu.

Akwai ranakun da ya kamata keke ya kwana a gida: ranar da ruwan sama ke sauka yana daskarewa, safiyar da dusa ta haura santimita 10 ba a share ba tukuna, da ranar da aka yi gargaɗin matsanancin sanyi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas suna nan. A shekararka ta farko ka sa wa kanka iyaka a digiri 10 ƙasa da sifili, ka riƙa ƙarawa a hankali yayin da kake gane kayanka. Ka gwada hanyar ranar Lahadi da rana kafin ka bi ta safiyar Litinin, ka samu fili babu motoci ka taka birki da gangan ka ji inda tayar ke sakin ƙasa.

Ita zamiyar, in abokan aikin sun gayyace ka, bi su ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A dutsen Mont-Royal da ke tsakiyar birnin akwai hanyoyinta, ana kuma ba da hayar kaya a bakin tafkin Lac aux Castors. Tana ƙarfafa numfashi da baya da kafaɗu, waɗanda keke ba ya wa aiki sosai, kayan da ka saya don keke kuma su za ka saka. Abu ɗaya da ke ɓata musu rai shi ne a bi ta kan layuka biyun nan da inji ya zana musu a dusa da keke ko da ƙafa, don ramin taya ɗaya yana lalata layin ga duk wanda zai biyo baya.

Kada ka yi gaggawar cire taya mai ƙusoshi da ganin ranar farko mai ɗumi a Maris. Watan narkewa da daskarewa ne, santsin safiya ya fi yawa a cikinsa, ga ramukan titi da ruwa ya rufe. Jira har dare ya daina sauka ƙasa da sifili na kamar mako guda, galibi cikin Afrilu. Sannan ka wanke tayoyin da ruwa, ka cike gurbin ƙusoshin da suka zube, ka ajiye su a inuwa. Keken kuma a wanke shi tas, a auna sarƙa, a duba robar birki da wayoyi da boris ɗin wili, a sake zare sandar sirdi a shafa mata sabon giris.